Takarda Ta Uku

Daga shago, ranar Litinin

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Uwar yara na gaishe ka, yaran ma haka. Baba jiki da sauƙi, sai dai idon ya ƙara rufewa. Yanzu taga kawai yake ganewa, ita ma don haske ne. Ƙafar kuma tana kumbura in ya daɗe a zaune.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis, bayan mako biyar a hanya. Tunda an hana ku waya, to mun koma zamanin da. Ni ne mai karatu, ka sani. Sau huɗu na karanta masa ita a yini ɗaya. A na huɗun har maƙwabta ya sa aka kira, aka fito da kujeru, na tsaya a tsakiya kamar mai karanta labarai ina cewa, "Mun tsallaka iyaka lafiya, mutane na ɗaga mana hannu." Shi kuwa baki har kunne. Da na gama sai ya karɓi takardun, ya shafa su, ya ninke, ya sa a gwangwanin nan nasa na lambobin yabo, wanda ko ni ba ya bari in taɓa.

A ranar fa na gyara masa rediyonsa, na canza masa wayar fanka, na kai shi asibiti na dawo da shi. Ladan da na samu shi ne, "Rage ƙarar nan, ina tunanin ɗan'uwanka." Ba ƙorafi nake ba. To, ƙorafi ne.

Kuma tunda kai ne jarumin gida, amsa min wannan. An ce kun tafi yaƙar 'yan ta'adda. Waɗanda suka tayar da bam a tashar jirginmu bara, babu ɗan ƙasar da kuka shiga ko ɗaya a cikinsu. Rediyo goma ke kunne a shagona kullum, kowanne da tashar da yake kamawa. Biyar na cewa shugaban ƙasar can ne ke ba 'yan ta'adda makamai, biyar na cewa har yau ba wanda ya nuna shaida. Na faɗa wa Baba haka, sai ya ce, "Mai mulkin kama-karya da ɗan ta'adda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kai me ka sani a kan yaƙi?"

Gaskiyarsa, me na sani? Ni da likitan soja ya rufe min idon dama ya ce in karanta allo, na ga hazo. Shekara ashirin ke nan, amma har yau ina jin muryar Baba a ƙofar bariki yana cewa, "Ba komai, wannan dama na gida ne."

Ka kula da kanka. Direban tankar ruwa ne kai, ba janar ba, kada yabon Baba ya ruɗe ka.

Yayanka.

*

Daga sansani

Wa alaikumus salam, Yaya.

Na samu wasiƙarka, na yi ta dariya har abokin ɗakina ya ce ko haihuwa aka yi min. Lafiyata ƙalau, sai ɗan tari saboda ƙurar gine-ginen da suka rushe. A gaida Baba, a gaida uwar yara. Ka riƙa ɗora masa ƙafar a kan matashi.

Ka yi tambaya, bari in ba ka abin da idona ya gani. A nan ba a kiran sunan shugaban ƙasar, ko da yake ya gudu. Mu Mai Hoto muke ce masa, don babu bango, babu aji, babu shagon aski da ba fuskarsa. Makon jiya aka tura ni kai ruwa wani gidan yari da aka buɗe. Yaya, a ƙarƙashin ƙasa yake, hawa biyu. Na ga wani dattijo da aka fito da shi, malamin makaranta ne. Shekara goma sha huɗu yana ciki, laifinsa hoton ya faɗo daga bangon ajinsa bai ɗaga da wuri ba. Na miƙa masa kofin ruwa, ya riƙe da hannu biyu yana waige-waige, yana jiran a ba shi izinin sha. Ni ban san ko Mai Hoto ya ba 'yan ta'adda makamai ba. Amma wanda ya mai da mutum haka, in ba ɗan ta'adda ba ne, to ban san me zan kira shi ba.

Ina ɗebo ruwa a wata tashar famfo da ke bakin kogi. Mai kula da ita wani tsoho ne mai farin gashin baki. Ya taɓa aiki a jirgin ruwa, don haka yana jin yarenmu kaɗan-kaɗan. Ɗansa na cikin waɗanda aka ɗauka ba su dawo ba, ya bar masa jika ɗaya. Ranar da aka tumɓuke mutum-mutumin Mai Hoto a dandali, rungume ni ya yi, ya jiƙa min kaki da hawaye. Ka faɗa wa rediyoyinka biyar ɗin nan su zo su gani.

Batun Baba kuwa, ka yi haƙuri da shi. Kai da kake zaune lafiya a shagonka, kana ganinsa safe da yamma, me kuma kake nema?

Ƙanenka, Auta.

*

Daga shago

Auta, salamu alaikum. Kowa lafiya. Baba ya yi zazzaɓi na kwana uku, ya tashi.

"Kai da kake zaune lafiya a shagonka." Na gode. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Zaune nake, ba ƙarya ka yi ba. Zaune nake ina shaƙar hayaƙin dalma, ina neman ƙaramin sukurun da ya faɗi ƙarƙashin tebur, wasu na can suna 'yanta duniya da tankar ruwa.

Labarin malamin nan ya sa Baba kuka. Ni ma ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma da ya share hawaye sai ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Ka ji ko? Je ka faɗa wa rediyoyinka." Maƙwabta suka kwashe da dariya. Ka ba shi sanda ya doke ni da ita, sannu da ƙoƙari. Yanzu a layinmu in na wuce sai a ce, "Ga yayan soja nan." Shekarata arba'in da biyu da sunana, rana ɗaya ka ƙwace shi daga can inda kake.

Kuma har yanzu ba ka amsa tambayata ba. Na tambaye ka 'yan ta'adda, ka ba ni labarin azzalumi. Azzalumai nawa ne a duniya? Duk za ku bi su da tanka ɗaya bayan ɗaya?

Abu ɗaya dai ya canza a gida. Mai askin Baba ya tashi daga unguwa, hannun Baba kuma ba ya iya riƙe reza. Ni ke yi masa aski yanzu, duk Juma'a da safe. Ina zaunar da shi kusa da taga, in ɗaura masa tawul, in shafa kumfa. In reza na kan wuyansa ba ya iya zancenka, dole ya yi shiru, kuma wallahi ba na sauri. Ran nan da na gama ya shafa haɓarsa ya ce, "Hannunka da laushi, kamar na mahaifiyarku." Ka san tun da aka haife ni bai taɓa yaba min wani abu ba? Na fita na tsaya bayan shago kamar wani wawa, har uwar yara ta zo tana tambaya ko wani abu ne ya faɗa min a ido.

Ka ci gaba da aiko labarai masu daɗi, suna ƙara masa ƙarfi.

Yayanka na gida.

*

Daga sansani

Yaya, salam. Ka yi haƙuri da shirun wata biyu, hanyar jakar wasiƙu aka rufe. An buɗe ta yanzu, an ce mako biyu takarda ke yi. Ina lafiya, sai kunnen hagu da ba ya ji sosai. Zan faɗa maka dalili.

Wata Talata da hantsi na kai ruwa wata unguwa bayan kasuwa. Layi ya kai mutum ɗari, yawanci mata da jarkoki. Na buɗe famfon baya, na zagaya gaban mota in ɗauko tiyo na biyu. Wannan zagayen ne ya cece ni. Wata mota ta zo ta tsaya a ƙarshen layi, sai ƙara. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ruwan, yana ta zuba daga famfon ba mai rufewa, jarkoki na yawo a ciki.

Yaya, kafin mu zo babu irin wannan a garin nan. Ba ni na faɗa ba, mutanen garin suka faɗa. Manyanmu sun sallami sojojin Mai Hoto gaba ɗaya a rana ɗaya, dubbai, kowa ya tafi gida da bindigarsa da fushinsa. Rumbunan makamai sun kwana bakwai a buɗe ba mai gadi. Iyaka kuma ta zama kamar ƙofar kasuwa. Waɗanda muka zo nema ba mu same su ba, yanzu sun zo, kuma mu muka buɗe musu hanya.

Tsohon tashar famfo ya daina rungumata. Na tambaye shi ko ya fi so a ce ba mu zo ba. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce, "Wanda ya kashe ɗana ya tafi, wannan na gode. Amma a da mutum ɗaya nake tsoro, na san fuskarsa, na san abin da zan bari in kwana lafiya. Yanzu in jikata za ta fita ban san wa zan ce ta guje wa ba." Har gobe ina cewa gara da Mai Hoto ya faɗi. Amma in don yaƙi da ta'addanci muka zo, to ban san wa ke cin nasara ba.

Takarda ta uku ta Baba ce. Yaya, ka karanta masa a hankali.

Baba, ina gaisuwa da ladabi. Wa'adina zai cika ƙarshen watan gobe. An ba mu zaɓi, wanda ya so ya sa hannu ya ƙara shekara, wanda ya so ya koma gida. Baba, na gaji. Hannuna na rawa a kan sitiyari. Ina so in dawo, amma ba zan dawo ka ji kunyata a gaban maƙwabta ba. In ka ce in zo, zan zo. In ka ce in tsaya, zan tsaya. Maganarka nake jira.

Ɗanka, Auta.

*

Daga shago

Auta, salam. Mun gode Allah da Ya tsare ka. Kowa lafiya, Baba ma da sauƙi.

Na karanta masa. Ya ce a faɗa maka soja ba ya barin aiki a rabi. Ya ce wahalar da kuke gani alama ce ta an kusa gamawa, kuma yana alfahari da kai. Ka dai san halinsa.

Ka nemi likita ya duba kunnen. Kada ka damu da gida, ina nan, komai na hannuna.

Ashe dai rediyoyina ba ƙarya suke ba.

Yayanka.

*

Daga sansani

Yaya, salam. Na samu saƙo. Na sa hannu jiya da safe, shekara ɗaya daga ɗaya ga wata.

Ka gaya wa Baba na ji, na bi. Ban yi mamaki ba, sai dai na ɗauka zai haɗa min da ko sannu ce. An canza min hanya, daga tashar famfo zuwa asibitin gari, sau uku a rana. Kunnen kuwa likita ya ce sai haƙuri.

A gaida kowa.

Auta.

*

Daga shago, Juma'a bayan aski

Auta.

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Baba na kwance tun Lahadi, kumburin ya kai gwiwa, likita ya ce zuciya ce. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta sauran.

Ban karanta masa takarda ta uku ba. Maganar soja ba ya barin aiki a rabi, ni na ƙirƙira ta a kan teburin shago, da biron da ka manta a gida. Baba bai taɓa faɗa ba.

Ga yadda asirina ya tonu. Ka san in na gama karatu yana karɓar takardun ya shafa ya ninke. Ban taɓa kawo wa raina ƙirga su yake yi ba. Ranar na miƙa masa duka ukun, ko ɓoyewa ban yi ba, na ce a raina mutumin da ba ya gani me zai gane. Na manta tsohon saje ne, wanda ya shekara talatin yana ƙirga harsashi da yatsa. Ya ji na sauya takarda sau ɗaya, ya kuma ji uku a hannunsa. Sai ya ɗauka wani mugun abu ne na ɓoye masa don tausayi. Ya ƙyale ni, har ya ƙara sakar min fuska. Wata guda ina yi masa aski yana ce min sannu.

Da 'yar wasiƙarka ta zo, na karanta masa cewa ka sa hannu, na tsallake inda ka ce ka ji ka bi. Sai ya ɗago kai ya ce, "Ya sa hannu bai tambaye ni ba? Auta ba ya haka." Ya ƙwala wa uwar yara kira, ya ce ta buɗe gwangwanin ta ɗauko mai takarda uku. A gabana ta karanta masa.

Auta, da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Da ka karanta min, da na ce ya taho ko da a ƙafa ne." Can kuma ya ce, "Ni na yi yaƙi, na san yadda hannu ke rawa. Duk cika bakin da nake a gaban maƙwabta tsoro nake rufewa da shi. Kai ba ka gane ba?" Ban gane ba. Ban taɓa gane komai nasa ba sai abin da ya shafe ni.

Kana son dalili? Kishi ne, ba wani abu ba. Na hango ka dawo da kaki da kunne ɗaya, an fito da kujeru, an karɓe rezar daga hannuna an ba ka. Wata uku kacal na yi ina jin ni ma ɗa ne a gidan nan, sai na ce a ƙara min shekara. Ga kuma layin nan naka na zama lafiya a shago yana ci na a rai. Har daɗi na ji da ka ce yaƙin ya lalace, don ni na fara faɗa. Mata sun mutu a layin ruwa, ni ina murnar na ci gardama. Ka ga irin yayan da Allah Ya haɗa ka da shi.

Na je ofishin sojoji sau uku da takardar likita. Sun ce wanda ya sa hannu ya sa, amma in mahaifi na kwance ana iya ba da hutu bayan wata shida. Ga takardar na haɗa maka, ka gwada daga can.

Yau na ɗauko reza da tawul, ban ɗauka zai yarda ba. Ya miƙo min wuya kamar kullum. Da na gama ya ce in rubuta maka wannan, kuma uwar yara ta duba ko na rubuta daidai: "Ka dawo, Auta. Ni ban aike ka gyara duniya ba." Ta duba, ga sa hannunta a ƙasa.

Ban da bakin neman gafararka, amma ina nema.

Yayanka.

*

Daga sansani

Yaya, assalamu alaikum. Takarda ɗaya ce wannan, Baba ya taɓa ya ji.

Kwana tara wasiƙarka na aljihuna na kasa amsawa. Na rubuta uku na yaga. Ba zan ce maka ban ji zafi ba. Duk safiyar da na kunna mota sai in tuna cewa da yanzu ina gida. Ban yafe ba tukuna, amma ina ƙoƙari, ka ba ni lokaci.

Abu ɗaya nake so ka sani. Layin nan da ya ci maka rai ba gori ba ne. Ranar da na rubuta shi kishinka nake yi. Ni Baba bai taɓa bari na gyara masa ko hula ba. Ni abin nuna wa baƙi ne, kai ne yake kira in wani wuri na masa ciwo. Da ka rubuto labarin askin nan na kasa cin abinci yini guda. Na shiga soja ne ina neman abin da kake da shi kana rainawa.

Baba, na ji saƙonka. Na kai takardar likita wurin hafsanmu, ya ce zai duba in wata shidan sun cika, saura huɗu. Ka jira ni. Tambayar da Yaya ya yi min tun farko, ko yaƙin nan daidai ne, har yau ba ni da amsa ɗaya. Malamin nan da aka fito da shi ya koma koyarwa, na gan shi da alli a hannu. Jikar tsohon nan na tashar famfo kuma an binne ta watan jiya, bam ne a kasuwa. Duk biyun sun faru, kuma duk biyun zuwanmu ne sila. In na zo sai mu zauna mu uku ku taya ni tunani, a kashe rediyo.

Yaya, in na dawo ba zan karɓi rezar ba. Hannuna rawa yake.

Ƙanenka, Auta.

*

Daga ɗakin Baba

Auta, assalamu alaikum.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Baba rasuwa ranar Talata da la'asar. Bai wahala ba. Har safiyar ranar yana tambaya ko jakar wasiƙu ta zo.

Ta zo ranar Alhamis.

Na shiga ɗakinsa, na ja kujerarsa kusa da taga, na tsaya inda na saba tsayawa. Na karanta ta da ƙarfi, daga sallama har sa hannu. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Uwar yara na bakin ƙofa, za ta shaida.

Na ninke ta na sa a gwangwanin, na rufe. Ba zan ƙara buɗe shi ba sai ka zo.

Na koma ofishin sojoji jiya. Sun ce tunda mai jinyar ya rasu, takardar likita ba ta da sauran amfani, shekarar nan sai ka cika ta. Wata goma. Ni na jawo maka su, ɗaya bayan ɗaya.

Ka riƙa zagayawa gaban motar nan, Auta. Ka dawo da ranka, ko da ba za ka ƙara yi min magana ba.

Yayanka.